Kunun Gyaɗa da Dabino, Karin Kumallon Ranar Hutu

Ma'aikacin da ke barin Kubwa ko Mararraba tun da asuba domin ya riga cunkoson motoci isa Sakatariyar Tarayya, sau da yawa da shayi da burodi kaɗai yake wuni. Asabar ce ranar ramuwa, kuma kunun gyaɗa, wanda mutanen Adamawa suka yi suna a kansa, ya isa biyan bashin.

Garɗinsa daga gyaɗar yake fitowa, don haka ba ya neman madarar gwangwani da tsadarta. Tun dare ake jiƙa ɗanyar gyaɗa da shinkafa, kowace a kwanonta. Da safe a markaɗa gyaɗar, a tace, a ɗora ruwan a wuta ana juyawa, domin yana saurin tasowa ya zube. Idan ya tafasa, sai a zuba ƙullun shinkafar har ya yi kauri.

Wurin tsamiya ake yawan kuskure: in aka zuba ta kunun yana kan wuta, yakan tsinke. A sauke tukuna. Maimakon sukari, dabinon da aka markaɗa da 'yar kwakwa ya fi ƙamshi, ko da yake yakan dusashe farin kunun.