Me Ke Raba Mai Gabatar da Shiri da Gidan Rediyonsa?

A Bodinga da Shagari, da sauran garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, an fi sanin ma'aikacin rediyo da muryarsa fiye da fuskarsa. Galibin muryoyin nan daga birnin Sakkwato suke fitowa: Rima Radio ta gwamnatin jiha, Royal FM ta tarayya, da masu zaman kansu irin su Vision FM da Garkuwa FM. Wata rana sai a kunna akwati a lokacin da aka saba, a ji wata murya daban tana sallama, ba tare da wani bayani ba. Gidan rediyo kan ba da labarin kowa, amma da wuya ya ba da nasa. Daga nan sai majalisa ta cike giɓin da kanta: wannan ya ce korarsa aka yi, wancan ya ce 'yan siyasa ne suka saye shi.

Da can ba haka ake yawan gani ba, domin babu inda mutum zai koma. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, a 1978 kuma aka haɗe manyan tashoshi ƙarƙashin hukumar rediyon tarayya, jihohi suka riƙe nasu. Ko'ina ka duba, gwamnati ce mai gida. Mai karanta labarai ma'aikacin gwamnati ne, yana da matakin albashi, da ƙarin girma, da fansho. Wanda ya ƙware har gida ya yi masa kaɗan, sai ya nufi waje: sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, ko na Muryar Jamus na 1963, ko na Muryar Amurka na 1979. A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi doka mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar kula da kafafen watsa labarai ta NBC ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar tasha. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio ta biyo baya a Kano a 2003, sannan tashoshin FM suka bazu a arewa. Ƙofofin fita suka yi yawa. Amma albashin da yawa daga cikin ma'aikata ya tashi daga baitulmali ya koma hannun kasuwa.

To, me gidan rediyo yake sayarwa? Mai sauraro a Sifawa ko Danchadi ba ya biyan ko kwabo, iyakacinsa batir ko cajin waya. Hajar tasha lokaci ne: daƙiƙoƙin talla, da mintunan sanarwa, da fili na rabin awa ko awa guda da wani zai saya ko ya ɗauki nauyi. Manyan masu talla, wato kamfanonin waya da bankuna da masu kayan masarufi, a Legas ake tsara kasafinsu, ta hannun dillalan talla yake biyowa, kuma kuɗin kan yi watanni kafin ya iso. Abin da ya rage a gida shi ne sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, da masu maganin gargajiya, da tafsirin watan azumi, da ma'aikatun gwamnati, da 'yan siyasa. Wannan ciniki yana da kaka yana da rani. Shekarar zaɓe aljihu kan cika, bayan rantsuwa ya bushe.

Kashe kuɗin kuwa ba ya hutu. Na'urar da ke tura murya cikin iska wuta take ci ba dare ba rana, in an ɗauke sai janareta, janareta kuma sai dizal. An cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, a Afrilun 2024 kuma aka ninka kuɗin wutar 'yan rukunin A fiye da sau uku. Ga kuɗin lasisi da ake sabuntawa duk shekara biyar, ga kason da NBC ke karɓa daga cinikin shekara. A watan Agustan 2022 hukumar ta sanar da soke lasisin tashoshi 52, ciki har da AIT da Silverbird da gidajen jihohi da dama, kan bashin da ya kai kimanin naira biliyan 2.6, kafin daga baya a dakatar da matakin. Manajan da ke da kuɗin abu ɗaya a hannu, ko dizal ko albashi, dizal zai saya, domin in tasha ta yi shiru masu talla sun gudu. Ma'aikaci shi ne mai bin bashin da ya fi sauƙin a ce masa ya ƙara haƙuri.

Su ma ma'aikatan ba matsayinsu ɗaya ba, ko da yake a kunne duk ɗaya suke. Akwai na dindindin mai takardar ɗaukar aiki. Akwai ɗan wucin gadi da ake ba alawus gwargwadon shirin da ya yi, wanda kan shekara da shekaru yana jiran a tabbatar da shi, har a gidajen gwamnati. Akwai kuma wanda ba a biyan sa komai, shi ne ma yake biya: ya karɓi fili kamar mai hayar rumfa a kasuwa, ya nemo masu ɗaukar nauyi, ya sallami tasha, abin da ya saura nasa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024, sai dai dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin ɗan lokaci, da masu cin kamasho. Da yawa daga cikin muryoyin da aka fi so suna cikin waɗannan rukunan. Mutum ya yi suna har a kasuwar ƙauye a riƙa nuna shi da yatsa, 'yan'uwa na kawo masa kuka don sun ɗauka ya samu, alhali kuɗin man babur yana gagararsa. A nan ne ambulan da "kuɗin mota" na wurin taro suke samun gindin zama.

Rikicin shugabanci ya fi wuyar gani daga waje. A gidan jiha gwamna ne ke naɗa shugaban tasha, don haka sauyin gwamnati kan zo da sauyin wanda ake ji a iska. Ba a cika korar ma'aikacin gwamnati ba; ɗauke shi ake yi daga gaban makirufo a kai shi wani ofis inda ba mai jin ɗuriyarsa, ko a tsallake shi a ƙarin girma. A tasha mai zaman kanta kuwa magana ta mai gida ce, kuma mai gida kan kasance ɗan kasuwa mai neman kwangila ko ɗan siyasa mai abokai da abokan hamayya.

Sai batun shiri kansa, inda zaren duka yake haɗuwa. Dokar NBC ba mai gabatarwa take kamawa da farko ba, mai lasisi take kamawa. A Fabrairun 2013, bayan an kashe masu rigakafin shan inna a Kano, an kama ma'aikatan Wazobia FM saboda shirin Sandar Girma, NBC kuma ta dakatar da lasisin tashar. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A farkon 2022 hukumar ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM ta kuma ci tashar tarar miliyan 5. A Oktoban shekarar gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu kafafe a Gusau, har da NTA da Pride FM na tarayya, don sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. Wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukunci a Mayun 2023 cewa NBC ba ta da hurumin cin tara, amma manajan da ya ga waɗannan abubuwa ya riga ya koyi taka-tsantsan. Shi ke sa ya ce a daina ɗaukar waya kai tsaye, ko kada a sake gayyato wane, ko a sassauta kan ma'aikatar da ake bin ta bashin talla. Mai gabatarwa kuwa ya san jama'a don wannan zafin suke kunna shi. In ya sassauta, gobe a majalisa za a ce an toshe masa baki, kuma sunansa ne zai ɓaci, ba na manaja ba.

Wani lokacin ma abin bai kai nan ba. A ɗauke shirin da ya shekara goma ana jin sa bayan isha a mayar da shi tsakar rana, saboda sojojin bakan 'yan siyasa sun biya kuɗin wannan fili. A lissafin tasha ciniki ne mai kyau. Ga mai shirin, an raba shi da masu sauraronsa da masu ɗaukar nauyinsa a dare ɗaya.

Idan aka jera su haka, za a ga albashi da shugabanci da shiri ba rigima uku ba ce. Lasisi da na'ura na mai gida ne, kuɗi na mai talla ne, amanar jama'a kuma tana hannun mai murya, wanda a cikin ukun shi ne mafi ƙarancin iko da abin da za a faɗa. A ganina ba kowace tafiya ce zalunci ba. Wani ci gaba ya samu, wani kuma girman kai ne ya kwashe shi ya ɗauka ya fi tasha. Amma inda aka fi yin sake shi ne rashin rubutu. Yawanci babu takardar da ta faɗi nawa za a biya, yaushe, kason wa ne kuɗin ɗaukar nauyi, sunan shiri mallakin wa ne in an rabu. Ƙungiyoyin ma'aikata na RATTAWU da NUJ sun fi ƙarfi a gidajen gwamnati fiye da ƙananan tashoshi masu zaman kansu. Wanda ya fice zai iya komawa wata tasha, ko ofishin yaɗa labaran wani ɗan siyasa, ko Facebook da YouTube, inda mai ƙaramar waya a ƙauye ba zai iya bin sa ba. Ƙofar waje ma ta ƙuntata tun da aka dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka a Maris ɗin 2025. Mai bin albashin watanni yana da damar zuwa kotun ma'aikata ta ƙasa, sai dai abu na farko da lauya zai nema a hannunsa shi ne takardar ɗaukar aiki.