Kaset Ɗin Ajiyar Bayanai: Yadda Ake Gane Wurin Da Ya Rage

Mai waya in yana son sanin ko ma'ajiyarsa ta cika, saiti kawai zai shiga ya duba. A bankuna da manyan kamfanoni lissafin ya fi haka wuya, domin da yawansu har yanzu a kan kaset suke adana tsofaffin bayanai. E, kaset mai zare, ɗan uwan wanda ake sakawa a rikoda a da. A 2011, da wata matsalar manhaja ta share saƙonnin wasu masu amfani da Gmail, daga kaset Google ya dawo da su.

Samfurin da ya fi yaɗuwa shi ne LTO. LTO-9, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar 18 TB, amma a jikinsa ana rubuta har da 45 TB. A nan ake yawan tafka kuskure. Ba a samun 45 ɗin sai an matse bayanan sun ragu ninki biyu da rabi. Takardun rubutu suna matsuwa sosai. Bidiyo, hotunan JPEG da fayilolin da aka rufe da lambar sirri kuwa da ƙyar suke ragewa. Ma'aikacin da ya yi lissafi da babbar lambar zai iya wayar gari ya tarar kaset ya cika tun tsakar dare, aikin ajiya ya tsaya a rabi.

Amsar da za a dogara da ita tana cikin kaset ɗin kansa. Kowane LTO yana da ɗan guntun lantarki da ke riƙe tarihinsa: sau nawa aka saka shi a na'ura, da yawan wurin da ya rage. Manhajar ajiya daga nan take karanto lambar. Masu Linux kuma suna iya tambayarsa kai tsaye da umarnin sg_read_attr.

Sai abin da zai ba mai waya mamaki: goge fayil ba ya samar da wuri. Kaset yana rubutu ne a jere, sabo a bayan tsoho. Ko a tsarin LTFS, wanda ke nuna kaset a kwamfuta kamar filashi, fayil ɗin da aka goge ɓacewa kawai yake daga jerin sunaye, wurinsa na nan a toshe. Ba a dawo da shi sai an share kaset ɗin baki ɗaya, wato sai an fara kwashe duk abin da ake buƙata zuwa wani.