Injin Da Aka Sabunta Ya Ƙi Lafiya

A shekarar 1927 kamfanin Ford na ƙasar Amurka ya bar ƙera motarsa da ake kira Model T, ya fito da wata, Model A. Daga nan zuwa 1931 ya ƙera fiye da miliyan 4. Har wa yau akwai masu ajiye irinta, suna gyarawa, suna hawa. Sau da yawa mutum ya kan kashe kuɗi mai yawa a sauke injin, a sa sababbin fistin da ringi da bawul, a mayar, sa'an nan ya tayar ya ji tana tari, tana kakkarwa, ba ƙarfi. To, kada ya yi gaggawar sake kwancewa. Galibi ciwon yana waje, ba ciki ba.

Abu uku inji ke bukata: wuta a kan lokacinta, da fetur gauraye da iska daidai gwargwado, da matsi cikin silinda. Ka bi su ɗaya ɗaya. In ka taɓa abu biyu gaba ɗaya, ko motar ta warke ba ka san wanda ya warkar da ita ba.

Fara da wuta. Silinda huɗu gare ta, suna kamawa bi da bi: 1, 2, 4, 3. Ka bar inji yana tafiya a hankali, ka ɗauki sukudireba mai ƙotar itace, ka haɗa kan fulogi da jikin inji. In muryar inji ta sāke, wannan silinda na aiki. In kuwa ba ta sāke ba, to, dā ma matacciya ce, ka sami inda za ka duba. Tazarar bakin fulogi kashi 35 cikin 1000 na inci ne, ta kwantak kuwa wajen kashi 20.

Amma babban abin da ya fi ɓata injin da aka sabunta shi ne lokacin wuta. Ford ya yi wa wannan dabara mai kyau. A gaban inji akwai wani ƙusa mai zare. Ka kwance shi, ka juya shi, ka cusa wutsiyarsa cikin ramin, wani kuma yana juya inji da hannu sannu sannu. Da ka ji ƙusan ya faɗa wani ɗan gurbi, fistin na fari ya kai ƙololuwa ke nan. Ka tura sandan wuta da ke hagun sitiyari sama har iyaka, kana ka daidaita distirbuta yadda kwantak zai fara buɗewa daidai wannan lokaci. Wutar da ta makara ta kan sa inji zafi da kasala. Wadda ta yi sammako kuwa ta kan sa shi ƙwanƙwasa, har hannun tayarwa ya yi harbi ya karya wa mutum hannu. Kada ka manta ka mayar da ƙusan yadda yake kafin ka tayar. Ka tuna kuma batirinta mai bolt 6 ne, kansa mai alamar tarawa shi a ke ɗaura wa jikin mota, saɓanin motocin yanzu.

Sai fetur. Motan nan ba ta da famfon mai. Tankinta yana gaban direba, mai na gangarowa da kansa zuwa kafireta. Saboda haka ɗan tsatsa kaɗan ya isa ya tare hanya, ga shi kuwa mutane sun saba sabunta inji su bar tanki mai shekara casa'in yadda yake. In motar ta yi tafiya kaɗan ta mutu, ta huta ta tashi, ka wanke ɗan kwanon da ke tara dauɗa, ka kuma duba kafar iska ta murfin tanki. In duk lafiya, sai ka tuhumi kwandansa, gama ita ma ta kan gaza in ta ji zafi. Baƙin hayaƙi alamar mai ya yi yawa ne. Tari ta bakin kafireta alamar ya yi kaɗan, ko kuwa iska na satar shiga ta mahaɗar bututun da ke kai mai cikin inji. Ɗiga baƙin mai a mahaɗar. In murya ta sāke, nan ne.

Matsi shi ne na ƙarshe. Sabon gaskit ya kan kwanta bayan ya sha zafi, don haka lalle a sake ɗaure notunan kan inji goma sha huɗu, daga tsakiya zuwa gefe, ba sau ɗaya ba. Kumfa a lagireto ko farin tururi a salansa na nuna gaskit ya yi yoyo. Bawul da aka matse ƙwarai ba ya rufuwa sarai in ƙarfe ya yi zafi ya miƙe, sai matsi ya tsere. A auna silinda duka da ma'aunin matsi; wadda ta kasa 'yan'uwanta da yawa, ita za a buɗe dominta.

Shuɗin hayaƙi kaɗan a kwanakin fari ba abin tsoro ba ne, ringi ne ba su gama zama ba. A yi ta tafiya da ita sannu, ba gudu, ba kaya mai nauyi, har mil ɗari biyar, kana a juye baƙin mai a zuba sabo.