Fermata

Fermata alama ce ta rubutun kiɗan Turai da ke nuna cewa a riƙe wani sauti, ko wani shiru, fiye da tsawon da aka rubuta masa. Alamar ba ta ƙayyade tsawon riƙewar ba. Makaɗi ko mawaƙi shi ne ke yanke hukunci, idan kuwa ƙungiya ce, jagoran makaɗa ne ke ba da alamar ci gaba.

Suna da siffa

Kalmar ta fito ne daga harshen Italiyanci, daga aikatau "fermare", wato tsayarwa. A Italiya kuma ana kiranta "corona", ma'ana kambi, Faransawa kuwa suna ce mata "point d'orgue".

Siffarta ɗigo ne da rabin da'ira a kife a kansa, kamar ido da gira. Galibi a saman sautin ake rubuta ta. Idan aka sa ta a ƙasa, sai a juya ta, bakin da'irar ya dubi sama. Wasu mawallafan kiɗa na ƙarni na 20 sun yi amfani da mai kusurwa uku don gajeren tsayawa, da mai kusurwa huɗu don dogon tsayawa.

Tarihi

Tun ƙarni na 15 ake samun alamar, misali a ayyukan Guillaume Du Fay da Josquin des Prez. A waƙoƙin coci na Johann Sebastian Bach, sau da yawa tana nuna ƙarshen jimlar waƙa ne, inda mawaƙa ke numfasawa. A kiɗan konsato na ƙarni na 18, tana nuna wurin da sauran makaɗa za su dakata, babban makaɗi ya nuna gwanintarsa shi kaɗai. Wani sanannen misali shi ne farkon simfoni na biyar na Ludwig van Beethoven, wanda aka fara gabatarwa a Vienna a shekarar 1808: sautin farko guda uku gajeru ne, na huɗu kuma yana ɗauke da fermata.

A rubutun kwamfuta

Tsarin Unicode ya shigar da alamar a siga ta 3.1, a shekarar 2001, cikin rukunin alamomin kiɗa da ya fara daga U+1D100 zuwa U+1D1FF. Akwai lambobi biyu:

U+1D110 (𝄐), fermata ta sama.
U+1D111 (𝄑), fermata ta ƙasa.

A shafin intanet ana iya rubuta ta sama da &#x1D110; ko &#119056;. Da yake lambar ta haura U+FFFF, tana cin bayit huɗu a tsarin UTF-8, shi ya sa wasu tsofaffin manhajoji ke kasa adana ta daidai.

Samun lamba a Unicode bai isa a ga alamar ba, sai na'ura tana da salon haruffan da ke ɗauke da zanenta, kamar Noto Music ko Symbola. In babu, ƙaramin akwati ne ke fitowa a madadinta. Irin wannan matsalar ce masu rubutun Hausa suka sani game da ɓ, ɗ da ƙ a wasu wayoyi da kwamfutoci.

Iyakar amfaninta

Lambobin Unicode an tanade su ne don ambaton alamar cikin jimla, kamar a littafin koyarwa. Ba su da hanyar ɗora ta daidai kan wani sauti a layuka biyar na rubutun kiɗa. Wannan aikin na manhajojin rubuta kiɗa ne: a LilyPond ana rubuta \fermata bayan sautin, a MusicXML kuma akwai alama ta musamman mai wannan suna. Ƙa'idar SMuFL, wadda aka fara a 2013, ta ba nau'o'in fermata lambobi daga U+E4C0, cikin yankin da Unicode ya keɓe don amfani na musamman. Saboda haka idan aka kwafe su zuwa salon haruffan da bai bi wannan ƙa'ida ba, alamar takan ɓace ko ta rikiɗe zuwa wata.