Ɗinkin Yadi Mai Talewa da Adon Keke

 Kin taɓa ɗinka hijabin roba, mai shi ta zura kai sai kika ji zare ya yi ɗas a wajen fuska? Ba laifin zaren ba ne. Yadin yana talewa, miƙaƙƙen ɗinki kuwa ba ya talewa, dole ɗayansu ya ba da kai. Haka ma rigunan sanyin yara, ga shi nan Riruwai in hunturu ya sauko kan duwatsu ba a raba yaro da su.

Maganinsa ɗinkin zigzag, wanda allura ke tafiya dama da hagu. In kekenki na da shi, sa faɗi a kan 1, tsawo a kan 2 da rabi. Kada ki ja yadin, bar keke ya ci da kansa, in kin ja bakin zai yi ta lanƙwasa kamar ganyen latas. Allura kuma akwai ta musamman mai ɗan dakusasshen baki, tana ratsa saƙar ba ta huda ta. In maigida zai shiga Kano, ki ba shi saƙo kasuwar Sabon Gari, lamba 11 ko 14. Kafin ki taka, juya keken da hannu ki ga allura ba ta bugun ƙafa.

Mai baƙar Butterfly ta gado, wadda miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ta iya, ke taki dabarar daban ce: ƙara tsawon ɗinki, ki ɗan tale yadin kaɗan kina ɗinkawa, sannan ki bi layi biyu.

Sai ado. Zigzag ɗin nan in kin matse tsawonsa kusa da sifiri, faɗi 3 ko 4, zai cika ya kwanta kamar surfani a wuyan riga ko bakin mayafi. Sassauta zaren sama kaɗan, ki shimfiɗa takarda a ƙarƙashin yadin don kada ya tattare, in kin gama ki yage ta. Ki cika kwarkwaro tun farko, ado na cin zare ba kaɗan ba.

Ni dai ba na taɓa kayan mutane sai na gwada a ƙyallen yadin, na ja shi da hannu biyu na gani. Ado in ya ɓaci, farke shi yini guda ne, kuma sawun allura ba ya ɓoyuwa a shadda.