Kariya A Kasko: Hajar Da Ba Ta Son Gaggawa

Duk wanda ya saba tsallaka gadar Kennedy da safe daga Gaweye zuwa cikin birnin Yamai, ya san masu garka da ke bakin kogin Isa, da masu renon itatuwa da ke jera hajarsu a gefen titi. A cikin wannan haja akwai wadda ta fi ɗaukar ido, wato kariya, itaciyar nan mai ƙaton gindi kamar tulu, mai jan fure ko da babu ganye ko ɗaya a jikinta. A da, sai dai a gan ta a daji ko a bayan gida ba mai kula ta. Yau kuwa an ɗora ta a kasko, masu otal da masu manyan gidaje suna zuba jikkoki su saya.

Mu ma mun saya, kuma mun ji jiki. A bara ne muka ɗauki wata babba wadda sai da mutum biyu suka ciccibe ta, fure ya rufe ta ruf. Kafin mako uku gindin ya yi laushi kamar gwandar da ta wuce nuna. Da muka kai ta wurin wani dattijo mai garka a Gaweye, bai ce uffan ba sai da ya zazzage ta daga kaskon. Ashe ba ta daɗe da barin daji ba, an datse saiwarta da gatari, aka cusa ta cikin laka, mu kuma muka bi ta da ruwa safe da yamma. Furen da ya ruɗe mu da sauran abincin da ta tara a gindi ta yi shi. Dama Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, har wasu na cewa daga nan itaciyar ta samo suna.

Wannan sana'a ta tsare babbar itaciya a ƙaramin mazubi ba sabuwa ba ce a duniya. Daga ƙasar Sin ta faro, mutanen Japan suka ƙware a kanta suka kira ta bonsai, ma'ana shuka a faranti. Akwai wata da ake reno tun shekarar 1625, ta tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, aka ba Amurka ita kyauta a 1976, har yanzu tana raye a birnin Washington. Abin lura shi ne, a wurin masu wannan sana'a ba girma ake saye ba, shekaru da haƙurin da aka zuba ake saye.

To, yaya ake yi wa wadda aka haƙo daga daji? Ga abin da muka koya a kan tamu, muka kuma gwada a kan wadda ta gaje ta.

Da farko lokaci. Bazara ce ta fi, kafin saukar damina, lokacin da itaciya ke shirin toho. A hunturu barci take yi, idan aka taɓa saiwarta ba ta saurin warkewa. Bayan an fitar da ita, sai a wanke saiwar tas, a sa wuƙa mai kaifi da tsabta a yanke duk inda ya yi baƙi ko laushi har sai an kai ga farin nama. A shafa toka ko garin gawayi a bakin yankan, a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa kamar mako guda, ciwon ya bushe. Kada a ji tsoron za ta mutu, ruwan da ke gindinta ya ishe ta.

Sai ƙasa. Laka ita ce ajalin kariya. A haɗa yashin kogi mai tsakuwa da farfasasshen gawayi da ɗan tsohon taki wanda ya gama ruɓewa, yadda in an zuba ruwa zai zarce nan take. Kaskon ƙasa irin na matan Boubon ya fi na roba, domin yana shan iska kuma ba ya dafa saiwa a rana, amma tilas a huda ƙasansa. Wurin dasawa a baza saiwoyin su kewaye gindin, a ɗan ɗaga gindin sama da inda ƙasa ta tsaya masa a daji, domin shi ne adon. Idan babba ce mai nauyi, a ɗaure ta da igiya ta cikin hudojin kaskon don kada iskar farkon damina ta girgiza ta. Daga nan a yi mako guda ba ruwa, a inuwa, sannan a riƙa matsar da ita rana kaɗan-kaɗan.

Maganar gyaran siffa kuwa, a nan ne da yawa ke asara. Ba a haɗa wa itaciya ciwo biyu, yankan saiwa da yankan rassa masu yawa a lokaci guda. A bar ta ta ci damina guda cikin kasko. Idan ta kama, sai a zaɓi gefen da gindin ya fi kyau ya zama fuska, a cire rassan da suka gitta juna, a rage masu tsawo don su yi 'ya'ya. Reshen da ake son ya kwanta a ja shi da igiya a hankali, a sa tsumma inda igiyar za ta ci. Bayan shekara biyu ko uku a sake mata ƙasa, a ƙara ɗaga gindin.

Gargaɗi ga iyaye mata: ruwan jikin kariya dafi ne, maharba sun daɗe suna sa shi a kibiya. A wanke hannu da sabulu bayan an yanke ta, a kiyaye ido, kada a mayar da wuƙar madafa, a kuma ajiye kaskon inda yara da awaki ba sa kai wa.

Ga mai son shiga sana'ar, ko mai saye don ya sayar, ga yadda za a gane hajar kirki. A danna gindin, in da tauri kamar ɗanyen rogo lafiya lau. A ɗan girgiza ta, wadda ta kama ba ta rawa a kasko. A duba sabon toho, kada a tsaya ga fure. Sannan a tambayi mai ita damina nawa ta ci a hannunsa. Wanda ya sayar wa abokin ciniki wadda ta mutu a wata guda, ya ci riba sau ɗaya, ya rasa mai saye har abada.

Akwai kuma maganar dajin kansa. Nijar tana da dokar gandun daji ta shekarar 2004, kuma itatuwa irin su kuka da gawo suna cikin waɗanda hukuma ke karewa. Saboda haka wanda ya ga ƙaramar kuka a daji ya yi sha'awar sa ta a kasko, ya fara neman izinin jami'an gandun daji, kada riba ta koma tara. Kariyar da ta shekara da shekaru tana tara gindi, cikin sa'a guda ake tumɓuke ta, in kowa ya ɗauki gatari ba za a daɗe ba a nemi ta sayarwa a rasa. A ƙasar Tailan, inda ake fitar da kariya kala-kala zuwa kasuwannin duniya, daga iri da aure ake samar da ita. Mu da take tsirowa a ƙasarmu mun fi su dama. Takan yi kwanso biyu kamar ƙahon sa, in ya nuna sai a ɗaure shi da zare don kada iska ta kwashe irin. Wadda aka shuka daga iri ita ce ke saurin yin gindi mai kyau, wadda aka dasa daga reshe ta fi saurin fure.

Mutanen Gaweye sun san zafin dashe, domin tsohuwar unguwarsu a ɗaya gefen kogin take, inda aka gina Otal Gaweye, kafin a mayar da su Harobanda. Wataƙila shi ya sa dattijon nan bai karɓi ko dala a hannunmu ba, ya dai ba mu iri cikin ƙullin leda, ya ce mu dawo bayan damina uku mu nuna masa. An ci ɗaya, saura biyu. Allah Ya kai mu, Ya sa albarka a kasuwa.