Naɗin Ƙwai da Naman Alade a Safiyar Kirsimeti: Shin Yana Jawo Farfaɗiya?

Idan Disamba ta kama, 'yan Kagoma da ke aiki a Abuja da Kaduna sukan dawo gida da sabon salon karin kumallo: a soya ƙwai, a yayyanka naman cinyar alade da aka gishirta aka kyafe, a naɗe su cikin burodin shawarma. Naman ba ya wuyar samu, tunda ga kasuwar aladu ta Katsit a gefen Kafanchan tana ci kowace Alhamis. To, da an ɗora kasko sai tsohuwar magana ta taso, wai naman alade yana sa farfaɗiya. Haramcinsa ga Musulmi sha'ani ne na addini, kuma yana nan daram. Ɓangaren lafiya kawai nake son a tantance.

Maganar tana da tushe. Akwai tsilar alade, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora mata alhakin kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya a yankuna da dama da ta yi katutu. Inda jita-jitar ta kauce shi ne hanyar kamuwa. Wanda ya ci naman da bai dahu ba, mai fararen ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar shinkafa, tsilar a hanjinsa take girma. Ƙwayayenta kuwa suna fita ta bayan gida, kuma wanda ya haɗiye su a ruwa, ko a ganye, ko daga hannun da ba a wanke ba, shi ne cutar za ta iya kai wa ga ƙwaƙwalwarsa, ta jawo farfaɗiya. Ke nan wanda bai taɓa ɗanɗana alade ba ma yana iya kamuwa. Wannan ne ya sa nake ganin masai mai kyau, sabulu, da killace aladu su daina yawo a juji sun fi ƙaurace wa tukunyar maƙwabci amfani nesa ba kusa ba.

Wani zai ce ai naman kyafaffe ne, ya sha gishiri da hayaƙi. Kyafewar gida ba ta da tabbas. Zafi ne ke kashe tsilar. A dafa naman har cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salsiyas, wato babu sauran ja ko jini a tsakiya, sannan a soya ƙwan har ya ƙanƙame, domin shi ma ɗanyensa na iya ɗauke da ƙwayar cutar gudawa. Zancen cewa a zuba wa naman Coca-Cola tsutsotsi su fito, ba gwaji ba ne, kuma naman da bai nuna komai ba yana iya zama da ƙulle-ƙullen a ciki. Shi kuwa zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Najeriya a 1997, yana karya masu kiwo ƙwarai, amma ba ya kama mutum. Duk da haka kada a sayi naman aladen da ciwo ya kashe komai araharsa, don mai saye ba shi da hanyar sanin ciwon da ya kashe shi.